Rigar 1780 da na ɗinka da hannuna

Tun da na sa hotunana sanye da wannan rigar irin ta da mutane suke ta tambayata wai wasan kwaikwayo muka yi ne, a'a wallahi ba fim ba ne, taro ne da ake kira Costume College, ana yin sa duk shekara wajen ƙarshen watan Yuli a yankin Los Angeles a nan Amurka, ƙungiyar Costumer's Guild West ce ke shiryawa. Ba gasa ake ba, babu na ɗaya babu na biyu. Da rana azuzuwa ne, wannan tana koyar da yadda ake hular mata, wancan yana nuna ɗinkin kwat ɗin maza na da, da daddare kuma kowa ya fito da abin da ya kwashe watanni yana ɗinkawa, musamman daren Asabar da ake babbar liyafa.

Ni rigar matan Ingila ta wajen 1780 na yi, wadda baya yake kama jiki sannan siket ya buɗe ta gaba. Kuma na ƙi taɓa keken ɗinki, don lokacin babu shi, Singer ma sai 1851 ya yi rajistar nasa, to kusan duk rigar da kuka gani ta kafin nan allura da zare ne, zama aka yi aka ɗinka ta ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda suke tattalin yadi. A zamaninsu yadin ne mai tsada, kuɗin ɗinki ba komai ba ne a kansa, siliki ma faɗinsa bai fi inci 20 da ɗan wani abu ba, shi ya sa ba sa yanka da garaje. Shimin ciki da ake yi da farin lilin duk murabba'i ne da 'yan ƙyallaye masu kusurwa uku, ɗaya a gefe ɗaya a hammata, in kin gama abin da zai rage a ƙasa bai cika tafin hannu ba. Ina yankawa ina tuna tsofaffin telolinmu masu babbar riga, su ma haka suke jera ƙyalle miƙe su ƙi ɓarnar saƙi. Ita kuma rigar waje, ba yanke yadin ake ba a baya, ninke shi ake a jikin shafi a bi da allura a danne, ɗinkin siket kuma a yi shi da faɗi-faɗi da gangan, saboda in yayi ya canza a warware a sake wata rigar da yadin. Shi ya sa a gidajen tarihi za ki ga siliki na 1740 amma ɗinkin na shekaru talatin ko arba'in bayan nan ne.

Na zaɓi auduga mai 'yan furanni, irin wadda asalinta daga Indiya ake kawowa, mutane suka so ta har masaƙan ulu da siliki suka tada hankali, Ingila ta haramta sa ta a 1721 ba a soke dokar ba sai 1774, Faransa ma ta yi nata haramcin daga 1686 zuwa 1759. Ki duba fa, yadin da yanzu za mu wuce shi a kasuwa ko kallo bai ishe mu ba.

Sawa kuwa wani karatu ne daban. Safa da takalmi ake fara sawa don in an ɗaure ki sunkuyawa sai a hankali. Sai shimi, sai rigar ciki mai ƙarfi da suke kira stays, a da da wani abu mai kama da ƙashi daga bakin kifin whale ake ƙarfafa ta, yanzu roba muke sawa ko siririn kara. Kowa tambayarsa ɗaya, kina iya numfashi kuwa? Ina iyawa sarai, in an yi ta daidai jikinki ba matsewa take ba, riƙe bayan take, nauyin siket ɗin duk ya sauka a kanta. Sai aljihu, shi daban yake, jaka biyu ne a igiya ki ɗaura a ƙugu ki zura hannu ta tsagar gefe, wayata da makullin ɗaki da carbi duk sun shige. Sai fatari, sai ɗan ƙaramin filo da ake ɗaurawa a baya, sannan rigar, babu zif babu maɓalli, da fil ake maƙale gaban.

Ta wajen sutura ban sha wahala ba ko kaɗan, matan lokacin suna sa farar hula su rufe gashi, su yafa ƙyalle a wuya su cusa bakinsa cikin riga, ni dai na ƙara wa nawa girma na sa safar hannu doguwa, ba wanda ya ce na kauce wa tarihi.

A bakin lif wata dattijuwa ta tare ni, ta ce don Allah in bari ta ga cikin rigar. Ta ɗaga gefen ta kusanto da shi fuskarta tana bin ɗinkin da ɗan yatsa, ta tambaye ni ko na shafa wa zaren kakin zuma, na ce eh, sai ta juyo min da hannun tata rigar ita ma in gani. Mun fi rabin awa a tsaye muna maganar yadda ake ɗora hannun riga a jikin mutum, a ɗinke ƙasan tukuna sannan a tattare saman a kafaɗa.

Mai son gwadawa ta fara da shimi, shi ya fi sauƙi kuma a nan hannu yake faɗawa. Gidan tarihi na LACMA da ke Los Angeles ma sun sa zanen yankan wasu tsofaffin kayansu a intanet kyauta, daga nan nake son ɗauko na baɗi in Allah ya kai mu.