Ja da baya, karkata da nisa a Turanci

Jiya wata ɗalibata ta tambaye ni bambancin recede da decline, sai darasin ya ƙare a kansu. Dukansu daga Latin suke. Recede haɗin re ne, baya, da cedere, tafiya, kamar yadda ruwan Tafkin Chadi ya janye ya bar busasshen taɓo. Daga nan recession, wato koma bayan tattalin arziki, ta fito, kalmar da ta cika rediyo a Najeriya a 2016, lokacin da shinkafa ta gagari talaka. Decline kuwa karkata ce, abu ya fara lanƙwasa ƙasa.

Amma distance, wato nisa, ta fi taɓa ni: dis da stare, tsayuwa a rabe. Ta Faransanci ta shigo Turanci, kuma a farko har saɓani tsakanin mutane take nufi.