Kallon tsuntsayen Farne daga cikin jirgin ruwa

A watan Yuni na hau ƙaramin jirgin yawon buɗe ido daga tashar Seahouses, a gaɓar arewa maso gabashin Ingila, muka nufi tsibiran Farne. Hanci ne ke fara sanin an iso. Warin kashin tsuntsaye ya tarbe mu tun muna nesa, sannan hayaniya, sai daga baya duwatsun suka bayyana, sun yi fari fat, kowane tsagi da mai shi.

Yawancinmu saboda fafin muka zo, ɗan tsuntsun nan mai baƙin baya da farin ciki da baki mai launin ja da rawaya. Da muka matso, kowa ya ɗaga kyamara yana duban saman dutse, sai matuƙin ya ce mu sunkuyo mu dubi ruwa. Ashe suna nan gefenmu, suna shawagi, suna nutsewa su ɓace, can su ɓullo wani wuri. Fafin a rami yake gida, ƙwai ɗaya yake yi a shekara, don haka wanda ka gani tsaye a kan tudu yana hutawa ne kawai. Aikin yana cikin teku. Da fukafukansa yake iyo a ƙarƙashin ruwa, ya kamo ƙananan kifaye siraran da ke ɓuya cikin yashi, ya jera su a baki reras. Ƙayoyin da ke dasashinsa ne ke riƙe waɗanda ya riga ya kama yayin da yake neman ƙari.

Tun daga nan bakin tsuntsu nake fara duba, domin shi ke gaya maka halin da ake ciki. Wanda ya taho da baki cike, akwai ɗa a rami. Manyan tsuntsayen tekun nan masu ƙwace su ma sun san haka, suna tsaye bakin ramuka kamar 'yan tare hanya, shi ya sa fafin ba ya ɓata lokaci: yana dira sai ya faɗa rami da gudu. Waɗannan kifayen dai su ne abincin kusan duk tsuntsayen wurin. Idan suka yi ƙaranci, 'ya'yan tsuntsaye mutuwa suke yi da yunwa, kuma hakan na daga cikin dalilan da suka sa Birtaniya ta hana kamun su a ruwanta na Tekun Arewa a 2024.

A tsibirin Inner Farne aka sauke mu, bayan an gargaɗe mu kowa ya sa hula. Wani farin tsuntsu ne mai baƙin kai da jan baki, ana ce masa Aktik tan, yake gida a ƙasa dab da hanyar da mutane ke bi, kuma ba ya ɗaukar raini. Saukowa yake yi ya caki kan mutum, har jini yakan fita. Nauyinsa bai wuce giram 100 da 'yan kai ba, amma masu bincike na Jami'ar Newcastle sun ɗaura wa ɗaya daga nan na'urar bin sawu a 2015, ya je yankin Antatika ya dawo, tafiyar kilomita kusan 96,000. Wanda ya yi wannan tafiya don ya zo ya yi ƙwai, ai ba a ga laifinsa ba idan ya ce a matsa. Abin da ya dace shi ne ka wuce ba tsayawa, ka kuma dubi inda kake taka ƙafa, domin 'ya'yansu kalar ƙasa gare su.

Wannan saukar ma ba kullum ake samunta ba. Murar tsuntsaye ta afka wa tsibiran a 2022, ma'aikatan National Trust, masu kula da wurin, suka kwashe gawarwaki dubbai, aka hana baƙi sauka har sai 2024. Ni a ganina ko ba a sauka ba, ba a yi asara ba. Daga cikin jirgi ka fi ganin tsuntsayen da ke cunkushe a jikin dutse, kuma ba ka tayar wa kowa da hankali.

Mun kewaya ta Longstone, inda hasumiyar fitila take, wadda daga cikinta Grace Darling da mahaifinta suka fita da kwalekwale a 1838 suka ceto mutum tara daga jirgin da ya tarwatse. A nan ne dabbobin ruwan da ake kira sil suke kwance birjik a kan duwatsu. Mun yi sa'a teku ta janye. Da ta cika, duwatsun nutsewa suke yi, sai dai ka hango kawuna jefi-jefi a ruwa. Don haka kafin ka sayi tikiti ka tambayi lokacin cika da janyewar teku. Matuƙin ya rage ƙarar inji tun daga nesa, bai kuma matsa sosai ba. Idan sil suka fara ɗaga kai suna rarrafawa zuwa ruwa, to an riga an takura musu.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Iskar teku da sanyi take ko da rana ta fito, ka tafi da rigar ruwa. Mai saurin tashin zuciya ya zauna a tsakiyar jirgi ya riƙa duban nesa, kada ya kafa ido a madubin hangen nesa, domin shi ke kawo jiri. Madubin ma matsakaici ya fi, babba rawa yake yi a hannu idan jirgi na tangaɗi.

Watan da za ka je kuwa shi ne babba. Fafin daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuli yake nan, Yuni da farkon Yuli ne lokacin ciyar da 'ya'ya. Da Agusta ya kama sun koma tsakiyar teku, can za su yi hunturu. Mai son ganin jariran sil da farin gashinsu sai ya jira Oktoba zuwa Nuwamba, amma ya sani a lokacin teku takan yi fushi, sau da yawa jirage ba sa fita.