An tsayar da sadaki, na yi shelar ɗaurin aure

Ranar Juma'a na miƙa katin shiga ofis, na kwashe 'yan komatsaina daga teburin nan na kusa da taga. Ku da muka yi zaman ɗakin labarai tare kun san abin da ya sa aka raba ni da labaran Turai shekara guda cur, amma yawancinku daga bakin mutum ɗaya kuka ji. Ga nawa.

Alhamis ce, 8 ga Yunin 2023, ina aikin dare. Ministocin cikin gida na Tarayyar Turai suna Luzambur tun safe suna ja-in-ja kan dokokin neman mafaka da Hukumar Tarayyar ta gabatar tun Satumbar 2020. Suwidin ce ke riƙe da shugabanci, Italiya ta kafe sai an ƙara mata wani abu. Can da dare aka ce an daidaita: ƙasashe za su raba aƙalla mutum 30,000 a shekara tsakaninsu, wadda ta ƙi karɓa ta biya yuro 20,000 kan kowane mutum, sannan waɗanda suka fito daga ƙasashen da ba kasafai ake ba 'ya'yansu mafaka ba, a duba buƙatarsu tun a kan iyaka. Hangari da Folan suka ƙi, ƙasashe huɗu suka ƙaurace wa ƙuri'a.

Saura minti kaɗan a shiga labarai, na rubuta cewa ministocin "sun amince da sabuwar doka". Wannan kuskurena ne, ban taɓa musu ba. Maigidan da ke duba labarai a daren ya karanta, ya ce kanun ba shi da gishiri, ya ƙara da hannunsa: "za a fara mayar da baƙin haure gida". Na ce, "Yallaɓai, wannan ba ya cikin sanarwar." Ya ce, "Malam, kai dai karanta." Na karanta.

Abin da ministocin suka amince da shi ba doka ba ne. Matsaya ce da za su tafi da ita wurin ciniki da Majalisar Dokokin Turai, domin a irin waɗannan dokoki sai ɓangarorin biyu sun yarda da rubutu ɗaya. Kamar dangin ango ne suka zauna a zaure suka tsayar da sadakin da za su iya, ba su ma taka gidan amarya ba, ni kuwa na hau rediyo na ce an shafa fatiha. Sai 20 ga Disamba ɓangarorin suka daidaita, majalisar ta kaɗa ƙuri'a 10 ga Afrilun 2024, aka kuma ba ƙasashe shekara biyu su shirya, zuwa tsakiyar 2026.

Kafin azahar washegari saƙonni sun cika wayar sashe, daga Agadas, daga Damagaram, daga Kano. Wanda ya tsaya mini a rai na wata dattijuwa ne. Ɗanta yana Italiya shekara biyu yana jiran takarda, ita kuma tambayarta ɗaya: wace rana jirgin zai sauka, don ta nemi kuɗin mota ta je Yamai ta tarye shi. Ba kuka take yi ba, tsakani da Allah take tambaya, kamar mai tambayar ranar kasuwa. Mun yi gyara a labaran yamma, layi biyu. Ban san ko ta ji ba.

A taron Litinin aka ce in yi bayani. Na yi. Maigidan ya zauna yana juya biro, ya ce shi ya amince da ni ne a matsayin wanda ya san Turai. Jimlar da ya ƙara ba ta fito daga bakinsa ba, ni kuma ban ajiye rubutuna na farko ba, na'ura ta riga ta haɗiye shi. Mutum biyu suna wurin a daren, sun ji, suka duƙar da kai. Ba na riƙe su, kowa da bakin da yake ciyarwa. Aka mayar da ni kan sakamakon ƙwallo da farashin hatsi.

A wannan shekarar ce, ina fama da teburin gasar Firimiya, na zauna na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Ministocin shari'a da na cikin gida wajen sau huɗu suke zama a shekara, kuma mafi yawan abin da ke gabansu jakadun ƙasashen da ke Burasels sun riga sun dafa shi a zamansu na mako-mako. Abin da jakadu suka gama, ministoci wucewa kawai suke yi da shi ba muhawara. Wanda ya gagara ne ake kai musu, shi ya sa suke kai dare. Kuma a wurin dokokinsu majalisar ministocin guda ɗaya ce, ko wane ne ya zauna a kujera. Ranar 14 ga Mayun 2024 da aka yi amincewar ƙarshe, ta gaske, ministocin kuɗi ne ke zaune a zauren. Yarinyar da aka ba teburina ta rubuta "ministocin cikin gida", na leƙa ta kafaɗarta na ce ta sake dubawa. Ta duba, ta gyara. Babu wanda ya sani sai mu biyu, yanzu kuma ku.

Sauran a taƙaice, ga masu tasowa. Ku tambayi irin ƙuri'ar da ake buƙata kafin ku ce wata ƙasa ta hana: yawancin dokoki ƙasashe 15 cikin 27 masu kashi 65 cikin 100 na jama'a sun isa, shi ya sa ƙin Hangari da Folan bai tsayar da komai ba, amma shigar da ƙasa yankin Shengen, inda ake tsallaka iyakokin ƙasashe ba tare da bincike ba, sai kowa ya yarda, kuma da haka Ostiriya ita kaɗai ta tare Romaniya a Disambar 2022. Kada ku ce "dukkan ƙasashen", Denmak tana da yarjejeniyar da ta cire ta daga yawancin wannan fanni. "Sun amince" a Hausa tana ɗaukar abu uku ko huɗu, ku faɗi wanne. Kuma duk abin da kuka miƙa wa edita, ku tura wa kanku kwafi tukuna, ko da ubanku ne editan.

A walimar sallama maigidan ya tashi ya ce yana alfahari da yadda ya horar da ni. Aka tafa, na ce na gode, Allah ya bar zumunci. Saƙon dattijuwar yana nan a tsohuwar wayata, daƙiƙa 41, ban goge ba.