Kafin a shiga turmin farko

Shekara 9 ina ɗaura wa 'yan dambe zare a ɓangaren Arewa, tun daga damben kaka na ƙauye har gidan damben Ado Bayero Square a Kano. Mai riƙe hannun ɗan dambe gab da shiga fili yana sanin abin da 'yan kallo ba su sani ba. Tafin wani sanyi ƙalau, na wani sharkaf da gumi, wani kuwa yatsunsa rawa suke yi alhali bakinsa na ta cika.

Yara biyu ne suka koya mini aikina. Na farkon ɗan mahauta ne, mai son taro. Da ya ji kalangu sai tsuma, ya zagaye fili yana kirari. Ranar da 'yan kallo suka yi ƙaranci kuwa sai ka gan shi lakwas. Zuga ce abincinsa.

Na biyun shiru-shiru ne. Ranar wasa ko fura da ƙyar yake sha, ya zaga bayi sau uku, ya koma bayan rumfa ya sunkuyar da kai. Ni a wautata na ɗauka tsoro ne. Wata rana a Dei-Dei ta Abuja za su kara da wani ɗan damben ɓangaren Guramada, sai na jawo makaɗa suka tsaya a kansa, na yi ta zuga shi yadda nake wa ɗan'uwansa. Ya miƙe ido jawur. Yana shiga ya saki hannun kariyarsa, ya dinga kai naushi babu lissafi. Ba a gama turmin farko ba, wato zagayen farko, gwiwarsa ta taɓa ƙasa, a dambe kuwa wannan kisa ne.

A mota ya ce mini, "Maigida, shirun nan da kake gani, damben nake yi a raina. Na gama tsara shi ka zo ka watsa mini."

Ban iya cewa uffan ba har muka wuce Kaduna.

Tun daga ranar na daina auna zuciyar yaro da yawan ihunsa. Faɗuwar gaba duk suna da ita, har manyan 'yan damben da ake wa kiɗa. Hali ne ke sa wani ya fitar da ita ta baki, wani ya haɗiye. Mai surutun ma na gano tasa matsalar: in aka bar shi ya daɗe yana tsuma, ƙarfinsa ƙarewa yake kafin turmi na uku. Yanzu sai wasansa ya matso nake sakinsa wajen makaɗa. Mai saurin fushi kuma ba na bari ya tsaya inda zai ji kirarin abokin karawarsa, don gori ɗaya ya ishe shi.

Shi kuwa shiru-shirun, da wuri nake ɗaura masa zare, in zauna kusa da shi ina korar masu zuwa ba shi baki. Idan ya gama, da kansa yake miƙo mini hannu in duba ƙullin.