Jiran yanar ido ta nuna ne ya cinye idon mahaifiyata na hagu

Shekara 2 na bar mahaifiyata da yanar ido, wai sai ta nuna sannan a yi aiki. Maganar zamanin da ce wannan. Yanzu da zarar yana ta fara hana mutum harkokinsa ake cire ta, ba sai gani ya tafi ba.

Cikin shekarun nan ta daina girki, ta daina fita, har hira ta rage. Jikarta mai shekara 11 ta koma 'yar jagora, karatunta ya tsaya. Ido na mutum ɗaya ne, amma mutum biyu ya zaunar a gida.

Aikin kansa bai kai minti 30 ba. An gwada jini da sukari, an auna tsawon idon domin a san ƙarfin ƙwayar roba da za ta dace, aka kashe wurin da allura, aka cire ƙwayar cikin idon da ta dushe, wato yanar, aka maye gurbinta da ta roba. Washegari da aka ɗaye bandeji, idon dama ya gani tar.

Na hagu kuwa an riga an makara. Yanar ta tsufa ta kumbura, ta toshe hanyar da ruwan cikin ido ke fita, matsi ya hau har ya kashe jijiyar gani. Ta yi kwanaki tana kukan ciwon kai, idon ya yi jajur, ni kuwa ina ta ba ta maganin ciwon kai. Ashe ranar farko ya kamata a ce muna gaban likitan ido. An cire yanar, ciwo ya lafa, amma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa.

Bayan aiki, maganin ɗigawa ne babbar hidima. A wanke hannu, kada bakin kwalba ya taɓa ido, in magunguna biyu ne a bar minti 5 tsakaninsu. Na hana kumburi a hankali ake rage shi, wajen mako 4. Kada a yanke don an ga ido ya washe. Ba murza ido, ba zuba masa ruwa a makon farko, da dare a ɗaura murfin kariya. In ciwo ya ƙaru, ko gani ya soma raguwa bayan ya dawo, a koma asibiti a ranar, domin ƙwayar cuta tana iya gamawa da ido cikin 'yan kwanaki.

Yarinyar ta koma makaranta, mahaifiyata ta koma girkinta. Sai dai har yau in aka miƙo mata abu ta hagu, sai ta juyo da kanta gaba ɗaya sannan ta gan shi.