Badagry ko cikin Legas?

Wata shida kenan da na kwashe kayana daga Agege na koma Badagry, wallahi kuɗin da nake biyan ɗaki ɗaya a can shi ya kama min ciki da falo a nan harda canji. Kifi da kwakwa kam sai ka ture, ga iskar teku kyauta. Amma fa tumatur da albasa sai sun sauka kasuwar Mile 12 a cikin Legas tukunna su iso mana, kafin nan sun ƙara kuɗi, ga kuɗin mota kullum zuwa tashar Mile 2 a cikin Legas ga goslo, abinda na rage a haya rabi direbobin danfo ke cinyewa. Madam dai tace ita ba inda zata koma.