Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da na kai uban 'ya'yana gaban alƙali

Makon jiya na tsaya a inda akori-kura ta sauke kayan ɗakina a ƙofar gidanmu, ni da yara biyu da goyo, takardar saki ɗaya a cikin jaka. Inna ba ta ce komai ba, ɗakin ƙannena ta sa aka share mini.

Washegari Kawu ya zo, ƙanin Inna, wanda ke karantar da littattafai a zaure. Bai ko zauna ba ya ce, "Ke wa ya ce ki fito?" Na ce, "Kawu, ai saki ya ba ni." Ya girgiza kai, ya karanto farkon Suratuɗ Ɗalaƙ, inda aka hana maza fitar da matan da suka saka daga gidajensu, su ma matan aka hana su fita. Ya ce saki ɗaya na kome ne, har in yi tsarki uku ina nan a matsayin matarsa, ci da sha da sutura da wurin kwana duk a wuyansa suke. Da ciki gare ni, sai na haihu. Ni kuwa tun da na taso a Kano ban taɓa ganin macen da ta yi idda a ɗakinta ba. Ana miƙa takarda ake kiran mota, dangi ma su ke cewa zama bayan saki rashin zuciya ne.

Idda ta ƙare bai zo kome ba, bai kuma aiko da ko kwanon masara ba. Baba ya yi ritaya tuntuni, fansho sai an ga dama. Ƙanwata ce take raba abincinta da babban yarona. Muka fara da Hisba, aka kira shi sulhu, ya zo da fara'a ya sa hannu a takarda, ya kawo kuɗi sau ɗaya, shi ke nan. Da Kawu ya ce sai kotu, Baba ya ƙi. Wai wa zai auri bazawarar da ta kai uban 'ya'yanta ƙara? Inna ce ta raba gardama daga bakin murhu: "Malam, ko kai za ka biya kuɗin makarantar?"

Kotun shari'ar Musulunci ba kamar yadda nake tsammani take ba. Benci ne dogaye, mata cike da harabar, kusan kowacce da yaro a baya, kuma in kin saurara maganar ɗaya ce: ciyarwa, khul'i, riƙon yara. Wata dattijuwa da ta rako 'yarta ta ba ni shawarar da ta fi ta kowa amfani, ta ce in riƙa ajiye duk rasit, na asibiti da na makaranta, har na kemis.

Alƙali ya tambayi abin da nake nema. Kawu ya riga ya karantar da ni, na jero: ciyarwar idda da ban samu ba, kuɗin yara, da mut'a, wato kyautar rarrashi da Alƙur'ani ya ambata wa matan da aka saka. A kan mut'a nan take ya yanke mini hanzari. Ya ce a mazhabar Malikiyya abin so ne, a littafin fiƙihu na Risala ma an ce ya kamata mai saki ya bayar amma ba a tilasta shi. Ya waiwayi mutumin ya ce, "Malam, za ka kyautata mata?" Ya ce babu hali. Shekarun da na yi ina tuƙa masa tuwo da jinyar mahaifiyarsa, a nan maganarsu ta ƙare. Har yau abin na ci mini rai, domin an bar shi a hannun tausayin mutumin da tausayinsa ne ya ƙare har aka zo kotu.

Sai ya ɗauko makamin da maza suka saba: in ana son ya ciyar, a ba shi 'ya'yansa. Gabana ya faɗi. Alƙali ya ce riƙo na uwa ne muddin ba ta yi wani aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, ciyarwa kuma ta uba ce ko a ina yaran suke. Ban san na fashe da kuka ba sai da matar da ke kusa da ni ta taɓa ni.

Aka zo maganar nawa. Shari'a ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da yake da shi, saboda haka duk dabarar ita ce mutum ya mai da kansa talaka. Mutumin da ke da shagon atamfa a Kantin Kwari, wanda na sha ƙirga masa cinikin sallah a kan gadona, ya zo da tsohuwar shadda da silifas, ya ce shi yaron shago ne, dukiyar ta yayansa ce. Naira 10,000 ya ce zai iya a wata, wa yara uku.

Alƙali ya dube ni ta saman tabarau. "Kina da shaidar da za ta tabbatar shagon nasa ne?"

Ina da ita, mutum ɗaya tak. Sai dai ita ce matar da na rantse ba zan ƙara taka ƙofarta ba, uwargidansa. Yadda muka yi da ita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.